Yayana Mai Aski da Hotunan Auta

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Yayana ya san hannunsa ba ya rawa, bakinsa kuma ba ya hutawa. Tun ina 'yar firamare yake aski a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran takalmi da kantin magani. Madubi ɗaya ne babba da ya tsage a kusurwa, benci ɗaya, sai kujera mai juyawa da ya yi ta yi wa faci har ba mai tuna asalin launinta. Ni ƙanwarsa ce, koyarwa nake yi, kuma shagon a kan hanyata yake, don haka kusan duk abin da zan faɗa da idona na gani.

Da can surutunsa bai wuce ƙwallo da tsadar kaya ba. Sai ya sayi wata tsohuwar kwamfuta don masu jiran layi su riƙa kallo. Bai daɗe da ita ba ta fara yi masa tsiya. Kullum sai ta fito da saƙo wai manhajar da ke cikinta ba ta da lasisi, ga nauyi, kafin ta gama buɗewa ya aske kai guda.

A cikin masu zuwa wurinsa akwai wani da ake kira Injiniya, mutum mai sanƙo, gemu kawai yake kawowa a gyara masa. Shi ne ya ga Yaya yana dukan gefen kwamfutar da tafin hannu, ya ce masa akwai wata irin manhaja da mutane daga ko'ina suke haɗuwa su rubuta. Kowa yana da ikon ya yi aiki da ita, ya buɗe ya ga yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, ba wanda zai kira shi ɓarawo. Ya ce ana kiranta manhaja mai 'yanci.

Yaya ya kashe kilifa, injin askin da ke hannunsa. "Tsaya tukuna. Wato wannan da ke ciki ba ni da ikon buɗe ta?"

"Ba ka da shi."

"Da kuɗina fa na saya."

"Akwatin ka saya," in ji Injiniya.

Ai kuwa Yaya ya ɗaga kilifar sama. "Ka ga wannan? In ta yi gardama na kwance ta, na zuba mai, na wasa baki. In wani mai askin ya zo aro na ba shi. Wane ne zai zauna a wata uwa duniya ya ce kada in buɗe abin da ke shagona?"

Ranar aka zuba wa kwamfutar sabon tsari, ta dawo tana gudu kamar an canja mata jini. Ranar kuma muka shiga uku da Yaya.

Injiniya ya gaya masa suna da 'yar ƙungiya ta masu aikin sa kai. Wasu suna rubuta manhajar, wasu suna fassara ta zuwa harshenmu, wasu suna amsa tambayoyin sababbin shiga ta waya, akwai ma wata da aikinta kawai ta bi makarantu tana magana da shugabanni. Yaya ya ce shi duk ba wanda ya iya a ciki. Injiniya ya dube shi ta madubi ya ce, "Kana da kujerar da ba mai tashi daga kanta sai ka ga dama."

To, ka ji inda aka ba mai surutu lasisi. Sai ya bari ya kwashe gefe ɗaya na kan mutum tas, sannan ya kashe kilifa ya ce, "Yallaɓai, wace manhaja ce a kwamfutar ofishinku?" Ina mutum zai je da rabin kai? Dole ya saurara. Ya manna takardun ƙungiya a madubi har sai da na ce masa nan gaba hanci kawai mutane za su riƙa gani. Ya kafa ƙusa kusa da mataji ya rataye filas-filas, 'yan ƙananan ma'ajiyar bayanan nan da ake soka wa kwamfuta, masu ɗauke da tsarin, wanda yake so ya ara. Ranar Litinin da ba ya aski ya ba ƙungiya shagon. Mutane su kawo tsofaffin laftof da aka fid da rai da su, a jera a kan benci, matarsa ta aiko da shayi, a yi ta aiki ana gardama.

Gaskiya zan faɗa, duk tsiyar da nake yi masa, abin ya yi masa kyau. Kwamfutocin makarantarmu da suka shekara a rufe da ƙyalle, su suka tashe su. Mai kantin magani ya daina zagin tasa. Yaya da kansa ya koyi zuba tsarin, danna nan, danna nan, sai jira. In ya gama ya miƙa wa mai ita, fuskarsa irin ta wanda ya yi wa ango aski ce. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ganin duniyarsa ba ta wuce bakin barandar shago ba, sai ga shi yana cewa "mu" in yana maganar mutanen da bai taɓa gani ba a wasu ƙasashe. Na ji daɗin ganinsa haka.

Wuri ɗaya ne wa'azinsa bai shiga ba, cikin gidansa. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda muke kira Auta, mai ɗaukar hoto ce. Da guminta ta tara ta sayi kyamara, tana zuwa bukukuwa da tarurrukan kammala karatu da buɗe shaguna, sunanta ya fara fita a unguwa. Laftof ɗinta kuwa ko inuwar Yaya ba ta yarda ta faɗa a kai.

"Baba, don Allah ka bar min kayana. Aikina yana tafiya."

Abin yana cinsa. 'Yan benci kuma ba sa taimako. Da ya fara wa'azi sai wani ya ce, "Malam, ka fara da gidanka mana." A kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma ta yaƙe.

Wata Litinin da safe Auta ta yi ƙorafi a gabansa cewa laftof ɗin ta yi mata nauyi, ta bar ta a kan tebur ta tafi aiki. Yaya ya ga dama ta samu. Ya sunkuce ta ya tafi shago tun kafin Injiniya ya iso, wai zai yi wa 'yarsa bazata. A wajen zuba tsarin akwai inda kwamfuta take tambaya: a ajiye sabon kusa da tsohon, ko a share komai? Duk waɗanda Yaya ya taɓa yi tsofaffi ne da masu su suka riga suka kwashe kayansu, kullum "share komai" yake dannawa. Hannunsa ya je inda ya saba.

Ina gidan da yamma lokacin da ta dawo. Ya miƙa mata yana ta murmushi, har ya goge mata murfin da ƙyalle. Ta buɗe, ta ga fuskar da ba ta sani ba. Ta danna nan, ta danna can.

"Baba, ina hotunana?"

"Suna ciki mana. Ina za su je?"

Ta sake dubawa. Ta ce duk ayyukan da ba ta kai wa masu su ba suna ciki, katunan kyamararta kaɗan ne, da ta kwashe take gogewa ta sake ɗauka. Sannan ta ce, a hankali, "Har da na Direba."

Direba wani dattijo ne, tsohon matuƙin jirgin ƙasa, wanda Yaya ya yi wa aski tun kansa yana baƙi har ya yi fari fat. Auta ce ta ɗauki taron kammala karatun jikarsa. Fitarsa ta ƙarshe ke nan, bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. A makon nan babban ɗansa ya kira ta yana roƙon hoton mahaifinsu na ranar, za su faɗaɗa shi su rataye. Ta yi masa alkawari.

Da ta yi ihu da ya fi sauƙi. Ba ta yi ba. Ta rufe laftof ɗin ta ce, "Ba komai, Baba," ta shige ɗaki. Ni ce na yi ihun a madadinta. Na ce masa, "Haba Yaya! Kai da ba ka taɓa kan mutum sai ka tambaye shi irin askin da yake so? Wa ya aike ka? 'Yancin da kake ta faɗa ita ba ta da shi a kan kayanta?" Ya tsaya riƙe da ƙyallen, na ga ya tsufa a gabana.

Na kira Injiniya. Kafin in gama bayani ya ce, "A kashe ta yanzu, kada wanda ya ƙara taɓa komai." Da ya zo washegari ya zaunar da mu ya ce sharewar nan kamar a cire lambobin gidaje ne a unguwa, gidajen suna nan, sai dai waɗanda aka yi sabon gini a kansu. Akwai manhajar da take bi tana tono abin da ya rage, ita ma mai 'yanci ce. Wani ɗan ƙungiya ya kawo babban akwatin ajiyar bayanai, wata ta bar aikinta ta zo ta zauna tana gadin abin. Ba Litinin ba ce, amma shagon ya cika.

Hotuna sun dawo, dubbai. Sai dai sun dawo babu suna, lambobi kawai, a cakuɗe, amaryar wannan kusa da ɗalibin wancan. Wasu rabinsu toka-toka. Injiniya ya ce a jera su da kwanan wata, sai aka tarar Auta ba ta taɓa saita agogon kyamararta ba, duk rana ɗaya suke nunawa. Ango da amarya ta gane su, amma baƙi fa? Taro ne a kan taro na mutanen da ba ta sani ba, wasu ma a zaure ɗaya aka yi. Ta zauna a kan benci tana wucewa ɗaya bayan ɗaya, kafaɗunta suka zube.

Yaya yana tsaye a bayanta, inda ya saba tsayawa a bayan kowa. Can sai na ji ya yi gyaran murya.

"Koma baya kaɗan. Wannan ai ƙeyar mai kantin katifa ce. Bikin ƙaninsa ne, da safen na yi masa askin, ga layin nan bai ko dushe ba."

Auta ba ta juyo ba. Ta ja hoton ta ajiye gefe.

Da wani hoton ya fito Yaya ya ce, "Wannan ma shi ne, amma dubi yadda gashin ya taso. Wani taron ne daban, na baya."

Haka aka fara. Yana aski da safe, da rana ya ja ƙofa, su zauna su biyu a gaban kwamfuta. Maza ya san su ta kai, ta saje, ta inda sanƙo ya fara ci. Mata kuwa ni da matarsa muka riƙa ganewa ta kayan da suka sa, don mun san wadda ta maimaita leshi da wadda ko za ta mutu ba ta maimaitawa. Nan ne kaɗai muka ɗan yi dariya. Tsakanin uba da 'ya kuwa magana ba ta wuce "wannan fa?" da "na gaba" ba. Tana gaishe shi da safe yadda ya kamata, tana kawo masa ruwa, amma tsokanar nan da suke yi wa juna ta ɗauke ɗif. Wannan ya fi komai damunsa, ni ma ya dame ni.

Masu zuwa aski suka fara tambayata ko Yaya ba shi da lafiya, wai an aske su tun daga farko har ƙarshe ba a kashe kilifa ba. Ya cire filas-filas ɗin daga ƙusa ya zuba a leda ya miƙa wa Injiniya, ya ce a cire shi daga ƙungiya, mai ɓarna ba ya wa'azi. Injiniya ya ƙi karɓa.

"Laifin har da namu," ya ce. "Mun koya maka dannawa, ba mu koya maka tambaya ba. Mu ma ɗokin nan yana ɗibarmu, mu ga kwamfuta kawai, mu manta akwai rayuwar mutum a ciki."

A nan 'yan ƙungiya suka yanke cewa daga yanzu ba laftof ɗin da za a taɓa sai an kwafe abin da ke cikinta, mai ita ya zauna ya gani da idonsa ya ce ya yarda. Suka ce Yaya ne zai riƙe wannan aikin. Har yau shi yake yi, kuma ba wanda ya kai shi tsanani. Ya zaunar da mutum a kujerar aski ya ce, "Me ke ciki wanda in ya ɓace za ka yi kuka?" In ka ce babu, ya ce ka sake tunani, ba ya sauri. Akwai waɗanda yake mayarwa gida da kayansu yadda suka zo, in ya ga ba su shirya ba, ya ce ƙofa a buɗe take.

Ayyukan Auta suka riƙa haɗuwa, tana kai wa masu su. Wasu sun rasa 'yan hotuna, ba su ma lura ba. Na taron jikar Direba ma sun fito, ga yarinyar da rigar kammala karatu, ga ƙawayenta, ga iyaye. Amma waɗanda aka tsayar da dattijon a tsakiya yana kallon kyamara, duk sun faɗa inda aka yi sabon gini. Ɗaya ya fito, daga ƙirji zuwa ƙasa, sama toka. Muka bi sauran har ƙarshe. Auta ta ce shi ke nan, za ta je ta ba su haƙuri.

Yaya ya ce a sake bi ta cikin waɗanda ta ware a matsayin marasa amfani, irin waɗanda ake ɗauka a tafe. Ta yi ajiyar zuciya ta buɗe. Ƙafafu, kujeru, wani ya rufe ido. Sai ga wani da ta ɗauka daga baya, mutane suna fita daga zauren taro zuwa haske. Can gaba wani tsoho da sanda, ya ba kowa rata.

"Ga shi nan," in ji Yaya. Ya nuna da yatsa. "Ga ninkin wuyan nan. Ga kunnen da hular aiki ta lanƙwasa."

Auta ta matso da hoton kusa. Shi ne. Sai dai baya ne, ba fuska.

Ta wanke shi a takarda mai kyau. Ta so ta tafi ita kaɗai, Yaya ya ce sam, ƙafarsa ƙafarta. Ni ma na yafa mayafi na bi su, don ban yarda da bakin kowa a cikinsu ba. Babban ɗan Direba ya karɓe mu a falo. Bayan an gaisa an yi addu'a, Yaya bai bari Auta ta buɗe baki ba.

"Yarinyar nan ta yi aikinta daidai," ya ce. "Ni na goge. Na taɓa kayanta ba da izininta ba, ina ganin gyara nake yi. Fuskar mahaifinku ta ranar nan ta tafi a hannuna. Abin da ya rage ke nan."

Mutumin ya karɓi hoton. Ya daɗe yana kallo, har na fara shirya abin da zan ce in ya yi faɗa. Sai ya tashi ya leƙa ciki ya kira mahaifiyarsu. Tsohuwar ta fito tana gyara tabarau, ta riƙe hoton da hannu biyu. Sai ta yi dariya, hawaye yana zuba.

"Ku dube shi," ta ce. "Bai taɓa jiran kowa ba. Tun ina amarya haka nake ganinsa, yana gaba, ni ina baya da kaya ina cewa ya tsaya."

Ɗan ya share ido ya ce wa Auta, "Duk hotunan da muke da su ya ɗaure fuska kamar an kama shi. Wannan ne Babanmu. Ki yi mana babba, iya girman da zai yiwu."

A hanyar dawowa Yaya ya yi gaba, da saurin nan nasa na mai tsoron kada wani ya zo aski ya tarar da ƙofa a rufe. Ni da Auta muna baya. Sai na ga ta tsaya, ta zuge jaka, ta ɗaga kyamara. Ƙarar ta sa ya waiwayo.

"Me kika ɗauka?"

"Ƙeyarka," ta ce. "Baba, ai kai ma kana bukatar aski. Dubi bayan nan, abin kunya."

Ya shafa ƙeya, ya rasa dariya zai yi ko kuka. Ta duba hoton a bayan kyamara, ta gyaɗa kai.

"Wannan wuri uku zan ajiye shi," ta ce. "Kuma ba zan gaya maka ko ɗaya ba."

Ta ƙarasa wurinsa ta rataya masa jakar a kafaɗa, ya riƙe ta da hannu biyu har gida.